Chevelle ta 1970 ta yi mini nauyi, me zan cire mata da kuɗi kaɗan?

Ɗan Dallas: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina da Chevrolet Chevelle Malibu ta 1970, mai ƙofa biyu, injin 350, giya otomatik, da esi da fawa sitiyari, duk yadda kamfani ya haɗa ta. Ba SS ba ce, wato samfurin nan mai ƙarfi da tsada, kada wani ya fara yi mini lissafin gwanjo. Ƙarshen mako nake hawanta, wani lokaci in kai ta filin tsere na Ennis ranar da ake barin kowa ya gwada motarsa. So nake ta rage ƙiba. Dala 1,000 na ware, kuma uwargida ta san adadin, don haka babu ƙari. Me zan fara cirewa?

Sarkin Totur: Wa alaikumus salam. Aikin ai ba ya son ko sisi. Kujerar baya waje, kafet waje, rediyo, hita, esi, allon ƙofofi, rufin ciki, duk waje. Kujera ɗaya da sitiyari sun ishe ka. Dala dubun ka saya wa madam atamfa.

Hajiya Mai Mustang: Esi waje, a Texas? Sarkin Totur, ka taɓa zama cikin baƙar mota a Dallas a watan Agusta?

Sarkin Totur: Hajiya, wanda ya tashi a Sakkwato zafin Texas zai ba tsoro?

Kawu na Detroit: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka auna motar. Je ka wurin da manyan motoci ke shan mai a bakin babbar hanya, akwai sikelin CAT, kuɗin awon bai taka kara ya karya ba. Ka tsayar da ita yadda tayoyin gaba za su hau faranti ɗaya, na baya su hau wani, ka samu nauyin gaba daban, na baya daban. Sikelin na tirela ne, fam ashirin-ashirin yake tsallakawa, amma ya isa ya nuna maka inda ƙibar take. Ka rubuta yawan man da ke tanki ranar. Idan ba ka yi haka ba, duk abin da za mu faɗa maka a nan hira ce.

Ɗan Dallas: Kawu, an riga an yi. Tanki cike, ba ni a ciki: fam 3,640, wato kilo 1,650. Gaba kilo 934, baya 716.

Kawu na Detroit: Madalla. To ka duba lambobin nan da kyau. Kusan kashi 57 cikin ɗari na motarka a kan tayoyin gaba yake, alhali tayoyin baya ne ke tura ta. Abin da Sarkin Totur ya lissafa, ban da esi da hita, duk daga tsakiya zuwa baya yake. Ka cire su, motar za ta yi sauƙi a sikeli, amma bayanta zai ƙara zama fayau, ka taka totur taya ta yi ta kuka a wuri ɗaya. Amalanke ce da aka jibge wa kaya a baki ɗaya, kai kuma kana neman sauke ɗan abin da ke ɗaya bakin. Ni daga hanci zan fara. A can ƙarfen zubi yake, a can kuma kowane kilo da ka cire yake biyanka sau biyu: motar ta yi sauƙi, ta kuma fi miƙa nauyinta baya lokacin tashi.

Injiniya: Bari in sa lissafi kafin a ci gaba, don kada ɗan'uwa ya sa rai da abin da ba zai samu ba. 'Yan tseren kwata mil suna da ƙiyasin da suka daɗe da shi: fam 100, kimanin kilo 45, yana rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ƙiyasi ne, amma ga mota irin wannan yana kusa da gaskiya. Idan injinka mai kafireta baki huɗu ne, Chevrolet ta rubuta masa doki 300 a 1970, kuma da tsohon awo ne, wanda ake yi injin tsirara ba salansa ba komai, kafin a sauya tsarin a 1972. Ka cire kilo 100 daga 1,650, kashi shida cikin ɗari ke nan, daidai da ka ƙara doki 18. Kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Ba za ka ji kamar an sauya maka mota ba a miƙaƙƙiyar hanya. Inda za ka ji shi shi ne birki da kwana.

Na Maraɗi: To in haka ne me ya sa za a sha wahala? Doki 18 ai kamshaf ɗaya ne. A bar mata jikinta, a ƙara wa injin ƙarfi.

Injiniya: Kamshaf ba ya rage maka nisan tsayawa, Malam. Kuma ƙarfin da ka ƙara yana cin mai, yana ƙara zafi, yana gajiyar da giyabos mai shekara fiye da hamsin. Nauyin da ka cire ba ya neman komai a wurinka bayan ranar da ka cire shi.

Kawu na Detroit: Sa'annan wasu kayan ma aiki biyu suke yi, su rage nauyi su ƙara ƙarfi. Da su za a fara. Ɗana, ɗauki biro.

Manifol ɗin shan iska na saman injinka ƙarfen zubi ne, ya kai kilo 18. Na alminiyon, irin Edelbrock Performer, wajen kilo 7 ne. Kilo goma sun tafi daga can saman injin, inda nauyi ya fi cutarwa. Babu abin da ya kai shi yawa a kasuwar kayan hannu, domin duk wanda ya taɓa 350 ya taɓa sayen ɗaya. Ka duba Facebook Marketplace, ko ka jira kasuwar Pate da ake ci a Fort Worth. Ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka tabbata bai lanƙwashe ba, ka duba zaren noti inda ruwa ke bi, nan ne yake ruɓewa. Abu ɗaya: in kana da niyyar sa tof silinda na Vortec nan gaba, dakata, domin ramukan notinsu daban ne, manifol ɗin ba zai hau ba.

Na biyu kik. Tsohon kik ɗin GM, kamfanin da ke yin Chevrolet, kusan kilo 9 ne. Ƙananan da suka zo a motocin ɗaukar kaya na Chevrolet masu injin 5.7 a ƙarshen shekarun 1990 ba su wuce rabin haka ba, kuma suna cike a wuraren da ake yanka motoci. Ka ƙirga haƙoran filawil ɗinka tukuna, 153 ne ko 168, ka duba yadda ramukan noti suke a bulok, kuma ka sayi notin da aka yi domin sabon kik ɗin. Tsohon noti zai shiga, amma zai bar shi yana wasa har ya cinye haƙora.

Na uku manifol ɗin hayaƙi. Su ma zubi ne. Hedas na bututu za su rage maka wajen kilo 8 zuwa 10, injin kuma ya samu numfashi. Sai dai suna da zafi da ƙara, kuma masu arha sukan yi yoyo a gasket. Ƙaramin kik ɗin nan zai taimaka a nan, domin tsohon yana gasuwa kusa da bututu har ya ƙi juyawa in motar ta yi zafi.

Hajiya Mai Mustang: Kawu, ka bar maganar esi, bari in karɓa. Ɗan Dallas, ba sai ka zaɓi tsakanin gumi da nauyi ba. Kwamfireson da GM ta sa a lokacin, dogon nan baƙi da ake kira A6, ya haura kilo 15 shi kaɗai, ban da ƙarafan da ke riƙe shi. Na Sanden rabinsa ne, kuma bai kai shi jan injin ba. A tawa, Mustang 1967, na York ne aka cire aka sa Sanden, har yanzu ina shiga da mayafina in fito ba gumi. Amma a gaya maka gaskiya, da ƙarfen ɗaurawa da tiyo da sauya gas daga R12 zuwa R134a, rabin kuɗinka zai iya tafiya a nan don kilo takwas. Ni zan ce ka bar A6 ɗin har ranar da ya mutu da kansa.

Ɗan Dallas: Hajiya, ai yana sanyi har yanzu, ba zan taɓa shi ba. Kawu, tof silinda na alminiyon fa? Kowa shi yake ambata mini.

Kawu na Detroit: Kilo 20 ne a guda biyun, kuma a wuri mai kyau. Amma sababbi masu kirki za su cinye dubun taka su nemi ƙari, kafin gasket da noti. Ka raba kuɗi da kilo, ka gani. Duk abin da za ka saya, yi masa wannan lissafin: dala nawa kilo ɗaya ya tsaya mini? Manifol na hannu zai ba ka kilo a dala goma ko ƙasa. Tof silinda sabo, kilo ɗaya ya haura dala hamsin. Da babban injin 454 gare ka da maganar ta sauya, don a can ana cire fiye da kilo 30.

Fanel Bita Ƙofar Ruwa: Oga, mu ba mu taɓa ganin irin motar ba sai a waya, amma ƙarfe ƙarfe ne. Tsohuwar mota da ta sha hannu, nauyin da ba a gani yana cikin bodi. Ka bi madigadi da ƙasan ƙofa da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa foti ne aka lafta. Mun sha kankare gefen mota mu tara foti cike da bokiti. Sai ƙasa da laka da suka daskare a cikin shasi da bayan taya. Wannan ruwa kawai yake so.

Kawu na Detroit: Maganar Oga Fanel Bita gaskiya ce, kuma a nan Michigan har da kwaltar da dillalai ke fesa wa ƙasan mota saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Mota ta Texas ba lallai ta sha wannan ba. Amma ƙarƙashin kafet akwai shimfiɗar kwalta ta hana ƙara, da wani abu kamar buhu da ke shan ruwa ya riƙe. Ka ɗaga kafet, ka zuba busasshiyar ƙanƙara, wato dry ice, a kan kwaltar, ka ba ta ɗan lokaci, ka buga da gudumar roba, za ta ɓare kamar ba a taɓa manna ta ba. Ka sa safar hannu, ka buɗe ƙofofin gareji, domin iskar da take fitarwa tana shaƙe mutum. Kilo goma zuwa sha biyar za ka iya samu. Sai ka mayar da kafet ɗinka da siririn abin tare zafi, don hedas za su dafa maka ƙafa. Wanda ya leƙa ba zai san an yi komai ba. In kuma za ka kankare fenti wajen da rufi ya haɗu da gefen baya, ka sani dalma kamfani ya cike wurin da ita, kada ka sa giranda ka shaƙi ƙurar.

Sarkin Totur: Duk wannan lallaɓawa ce. Kamfanonin da kansu da suka tashi rage nauyi ai ba su tsaya wasa da kik ba. Pontiac ta huda shasin Catalina a 1963 ramuka sun fi ɗari. Dodge ta tsoma ƙofofi cikin asid. Ɗan Dallas, sayi abin huda ƙarfe na dala ashirin ka bi shasi da bamba da cikin ƙofa.

Ɗan Zongo a Bronx: Tarihin daidai ne, amma ka faɗi rabinsa ka bar rabi. Catalina ɗin da kake magana guda 14 kacal aka yi, injin 421 Super Duty, gabanta alminiyon, kuma an san shasin nan da tsagewa. Ba a yi su don su kai shekara hamsin ba, an yi su don kakar tsere ɗaya. Ford Thunderbolt ta 1964 guda 100 ce: Fairlane da aka cusa wa injin 427, bonet da madigadi na faiba, gilasan gefe na roba, kujeru daga motar Econoline, babu hita babu rediyo, batir ƙato a but. Dart da Barracuda masu injin Hemi na 1968, waɗanda Hurst ta haɗa, ko abin ɗaga gilashi ba su da shi, ɗamara ce kake ja ka maƙale. Kujerunsu na motar A100 ne, ba kujerar baya. Dart da Barracuda ɗin kowacce ba ta kai guda ɗari ba, kuma an sayar da su da sanarwar cewa ba na titi ba ne. A kan tirela ake kai su fili. Mutumin nan kuwa da iyalinsa yake zuwa cin abinci.

Abin koyi a wurin kamfani ga mai mota irin tasa shi ne Oldsmobile 442 W-30 ta 1970, wadda ƙashin bayanta ɗaya ne da Chevelle. Me suka yi? Bonet na faiba, manifol na alminiyon, rufin cikin madigadi na jar roba, an rage abin hana ƙara. Duba jerin, kusan duk a hanci ne. Kujerunta suna nan, motar titi ce sosai. Abin da Kawu ke faɗa tun ɗazu ke nan.

Sarkin Totur: Road Runner ta 1968 fa? Ita ma ai tsirara aka sayar da ita.

Ɗan Zongo a Bronx: An rage mata ado ne don farashi ya sauko ƙasa da dala 3,000. Kujera doguwa, shimfiɗar roba a ƙasa, injin 383. Ba wanda ya huda mata komai.

Kawu na Detroit: Sarkin Totur, ɗana, wasa wasa ne, amma kada wani yaro ya karanta wannan ya ɗauki abin huda. Abu uku ba a taɓawa a motar da za ta hau titi: shasi, ƙarfen kariya da ke cikin ƙofa, da wurin da bel ke ɗaure. Shasin Chevelle ma a tsakiyarsa buɗaɗɗe ne in ba mai buɗaɗɗen rufi ba ce, masu tsere ƙara masa ƙarfe suke yi, ba ragewa ba. Rami mai faɗin inci biyu a ƙarfen shasi giram nawa ne? Sai ka huda wajen ashirin kafin ka tara kilo ɗaya, ka kuma buɗe wa tsatsa ƙofa ashirin.

Hajiya Mai Mustang: Kuma duk abin da ka kwance, kada ka sayar, kada ka zubar. Ka sa notinsa a leda, ka rubuta, ka ɗora a kanta. Yau kana cewa ba SS ba ce, amma Malibu mai ƙofa biyu da ba a yanka ba ita ma ba a tsince ta a titi yanzu. Ranar sayarwa mai saye zai tambayi manifol na asali. Abin da noti ya cire, noti zai mayar. Abin da giranda ta cire, sai mai walda da kuɗi mai yawa.

Na Maraɗi: Ni na ji ana sa sifirin na faiba a baya, ganye ɗaya, ya maye gurbin masu ganye biyar. An ce kilo da yawa ne.

Ɗan Zongo a Bronx: Haka ne, Corvette ma tun 1981 take da shi. Amma na Nova da Camaro da Mustang ne da motocin Mopar, wato su Dodge da Plymouth. Chevelle sifirin ɗinta na baya naɗaɗɗe ne, ba ganye.

Ɗan Dallas: To batir fa? Na ga kowa yana mayar da shi but.

Injiniya: Wannan ba rage nauyi ba ne, ƙari ne ma, don kebul mai kauri daga but zuwa kik da akwatin batir za su kai kilo huɗu ko biyar. Amfaninsa shi ne ka ɗauke kilo 18 zuwa 20 daga can ƙarshen hanci, gaban taya ma, ka ajiye shi a kan tayar baya ta dama, wadda ita ce ke saurin sakin ƙasa lokacin tashi saboda murɗawar farfela. A lambobinka, wannan kaɗai zai motsa rabon da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari.

Kawu na Detroit: Amma ka san sharaɗin fili kafin ka yi. A dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da tseren kwata mil, in ka sauya wa batir wuri dole ka sa makunnin kashe wuta gaba ɗaya a bayan mota, inda ma'aikacin fili zai iya kai hannu daga waje, kuma in ya kashe injin ya mutu. Batir ɗin a ɗaure da ƙarfe, a cikin akwati rufaffe mai bututun iska zuwa waje, ko kuma a sa bango na ƙarfe tsakanin but da ciki. Mutane da yawa ba sa son huda bayan motarsu don makunni. In kana cikinsu, ka sayi ƙaramin batir na AGM ka bar shi a gaba. Kilo bakwai ko takwas za su tafi ba tare da kebul ba. A sanyinmu na nan ba zan ba da shawarar ba, a Dallas zai yi, muddin kana sa masa caja in motar za ta kwana biyu a ajiye.

Sarkin Totur: Rim fa? An ce kilo ɗaya a taya daidai yake da kilo goma a bodi.

Injiniya: Wannan zancen ya yi yawo har ya gaji, kuma ba haka ba ne. Abu mai juyawa da taya, ko da duk nauyinsa a bakin taya yake, ninki biyu ne iyakarsa. Rim kuwa nauyinsa ya fi kusa da tsakiya, don haka wajen ɗaya da rabi ne. Inda ninkin ke da girma shi ne abin da ke juyawa da gudun injin, kamar filawil da fankar ƙarfe, musamman a giya ɗaya. Duk da haka rim mai sauƙi yana da kyau, saboda sifirin da shokazoba ba su ke ɗauke da shi ba, shi ke bin kowane rami, kuma in ya yi sauƙi taya ta fi manne wa titi. Rim ɗin Rally na ƙarfe inci 15 ya haura kilo 10. Na alminiyon zai iya rage kilo uku ko huɗu a kowace ƙafa. Amma ka je da sikeli wurin mai sayarwa. Wasu na ado masu inci 18 da 20 sun fi na ƙarfen nauyi, kuma ka duba tsagewa kusa da ramukan noti in na hannu ne.

Fanel Bita Ƙofar Ruwa: Ni dai ban ji an ambaci direba ba. Oga Ɗan Dallas, hoton da ke kan sunanka na bana ne?

Ɗan Dallas: Allah ya shirye ka. Wannan sashen uwargida ta riga ku buɗe masa fayil.

Hajiya Mai Mustang: Dariya a gefe, akwai kilo kusan sittin da za ka cire ranar tsere kyauta, ka mayar da yamma. Tankinka galan 20 ne, lita 76, fetur kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne kowace lita. Cike kilo 56 ke nan. Ka je da rabi, 28 sun tafi. Safaya da jak wajen 20. Akwatin sifana da tabarma da duk tarkacen but, ka ajiye su a gefen fili.

Kawu na Detroit: Sai dai duk wannan daga baya yake fita, Hajiya, shi ya sa zan ce ya gwada duka biyun. Ya yi gudu ɗaya da safaya, ɗaya babu, ya duba lokacin ƙafa 60 na farko a takardar da ake ba shi. Da tayar titi, na ga motocin da suka fi sauri da safayarsu a ciki. Kada kuma ya sauka ƙasa da kwatan tanki, domin tsohon tanki ba shi da shinge a ciki, mai yana gudu baya lokacin tashi, injin ya shaƙi iska a tsakiyar fili.

Ɗan Dallas: To ga abin da na tsayar. Manifol na hannu, ƙaramin kik, hedas, ƙaramin batir, kankare kwaltar ƙasa. A lissafina kilo 40 zuwa 48, kuma kuɗi bai kai 700 ba in na yi aikin da hannuna. Ragowar ina tunanin bonet na faiba.

Kawu na Detroit: Bonet iri biyu ne, ka san wanda kake saya. Mai ɗagewa gaba ɗaya, wanda fil huɗu ke riƙewa, irin na Road Runner da Super Bee masu 440 na tsakiyar 1969, shi ne mai sauƙin gaske, zai rage maka kilo 15 ko fiye. Amma duba mai ma sai ka nemi wanda zai kama maka. Mai hawa kan hinjin asali yana da ƙarin ƙashi a ciki, ragin bai kai haka ba. Kuma kuɗin bonet ba shi ne kuɗin ba: akwai na mota da za ta kawo shi, don ba ya shiga kwalin gidan waya, akwai gyaran baki don ba ya zama daidai daga kwali, akwai fenti. Dala 300 ba za su kai ka ba sai in ka samu na hannu kusa da kai. In ka samu, ka sauya sifirin ɗin hinji da masu laushi, na asali za su tsaga shi, kuma ka sa fil a gaba ko da makulli yana aiki. Ni da ragowar nan famfon ruwa na alminiyon zan saya, kilo uku ne, sauran in ajiye don gasket da tiyo da abin da zai karye in ka fara kwance noti mai shekara hamsin. Wani abu zai karye.

Baƙo daga Atlanta: Salam. Ku yi haƙuri na shigo a makare. Tawa Nova ce ta 1974, duk wannan ya shafe ni?

Kawu na Detroit: Wa alaikumus salam. Na injin duka ya shafe ka, har da sifirin na faiba da Malam Na Maraɗi ya kawo. Kai kuma kana da abin da Ɗan Dallas ba shi da shi. Gwamnatin Amurka ta sa dokar bamba mai jure karon mil 5 a awa, ta fara da gaba a 1973, ta haɗa da baya a 1974. Shi ya sa bayan kurom ɗin bambarka akwai ƙaton ƙarfe da shokazoba biyu, gaba da baya, kuma a can ƙarshen mota suke inda nauyi ya fi lilo. Masu tsere suna cire ƙarfen cikin su ɗaure fatar kurom da ƙananan ƙarafa, ko su sa ta faiba. Kilo da yawa ne, fiye da duk abin da ke jerin ɗan'uwanka guda ɗaya. Amma bamba ta koma ado ke nan, ɗan karo a wurin fakin zai kai ga lagireto. Ka tambayi dokar jiharku da kamfanin inshorarka tukuna. Sa'annan Nova ba ta da shasi dogo irin na Chevelle, rabin shasi ne a gaba da noti ya riƙe, don haka kafin ka cire komai ka sa mata ƙarafan da ke haɗa gaba da baya. Za su ƙara maka wajen kilo goma. Turo mana hoton ƙasan motar, in ga ko tsatsa ta bar wurin da za a yi walda.